Digirin PharmD a Amurka

PharmD, wato Doctor of Pharmacy, digiri ne na ƙwarewa a fannin harhaɗa magunguna da jami'o'in ƙasar Amurka ke bayarwa. Tun daga shekarar 2000 shi kaɗai ne digirin da sabon ɗalibi zai shiga idan yana son zama mai harhaɗa magunguna mai lasisi a ƙasar. Ba a fara ainihin karatunsa da takardar sakandare kaɗai. Sai ɗalibi ya yi aƙalla shekara biyu a jami'a ko kwaleji yana karanta darussan share fage, kuma da yawa daga cikin masu nema sai sun kammala digirin farko. Wannan ne ya sa ake lissafa shi cikin karatun gaba da digirin farko, a sahu ɗaya da digirin likitanci da na likitan haƙori da na lauya.

Ainihin karatun shekara huɗu ne a yawancin makarantu. Kammala shi bai isa a fara aiki ba. Dole makarantar ta kasance hukumar tantancewa ta amince da ita, ɗalibin ya cika sa'o'in sanin makamar aiki, sannan ya ci jarrabawar lasisi. Wanda ya rasa ɗaya daga cikin waɗannan ba shi da izinin ba majiyyaci maganin da likita ya rubuta, ko da yana riƙe da takardar digirin.

## Tarihi

An kafa makarantar harhaɗa magunguna ta farko a Amurka a birnin Filadelfiya a shekarar 1821. Kafin lokacin, da ma shekaru masu yawa bayansa, galibin masu sana'ar a kantin maigida suke koyonta. A hankali karatun ya koma jami'a. A 1932 digirin farko na shekara huɗu ya zama mafi ƙarancin abin da ake buƙata, kuma a shekarar ne aka kafa hukumar tantance makarantun fannin, wadda ake kira ACPE. A 1960 aka ƙara tsawon digirin zuwa shekara biyar.

Jami'ar Kudancin Kalifoniya ce ta fara ba da PharmD na shekara shida a 1950, sai Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko ta biyo baya a 1955. A lokacin sana'ar tana sauyawa. Kamfanoni sun karɓe aikin haɗa magunguna, mai kanti ya rage niƙa da kwaɓawa da hannunsa, sai aka fara tambayar mene ne amfanin dogon karatunsa. Amsar da malaman fannin suka bayar ita ce ya koma kusa da majiyyaci. A 1966 jami'ar San Faransisko ta sa masu harhaɗa magunguna su yi aiki a ɗakin kwanciya na hawa na tara a asibitinta, kafaɗa da kafaɗa da likitoci da ma'aikatan jinya. Rahoton kwamitin John Millis na 1975 da maƙalar Charles Hepler da Linda Strand ta 1990 sun ƙarfafa wannan ra'ayi, cewa alhakin mai harhaɗa magani ya kai har ga sakamakon da maganin ya haifar a jikin wanda ya sha.

An shafe shekaru ana muhawara kan ko a ci gaba da digiri biyu, na farko da PharmD, ko a tsaya kan ɗaya. A 1992 ƙungiyar makarantun harhaɗa magunguna ta Amurka, AACP, ta kaɗa ƙuri'ar goyon bayan PharmD shi kaɗai. ACPE ta amince da sababbin ƙa'idoji a 1997, suka fara aiki a watan Yulin 2000. Waɗanda suka samu lasisi da tsohon digiri sun ci gaba da aikinsu ba tare da an tilasta musu komawa makaranta ba.

## Hanyoyin shiga

Hanyar da aka fi bi ita ce ɗalibi ya yi shekara biyu zuwa huɗu a jami'a, sannan ya nemi gurbi a makarantar harhaɗa magunguna. Ƙa'idar ACPE shekara biyu ta gindaya a matsayin mafi ƙaranci, amma kowace makaranta tana da damar ƙarawa. Wasu, kamar Jami'ar Kudancin Kalifoniya, sun shardanta cikakken digirin farko. Ba lallai digirin ya kasance na kimiyya ba, matuƙar mai nema ya yi darussan da aka lissafa.

Hanya ta biyu ita ce tsarin shekara shida da ake ɗaukar ɗalibi daga sakandare, kamar yadda jami'o'in Rutgers da Ohio Northern ke yi. A nan ma shekara biyun farko na share fage ne, kuma ɗalibi ba ya tsallakawa zuwa ainihin karatun sai ya riƙe makin da aka yanka masa.

Akwai kuma makarantun da ke matse karatun shekara huɗu cikin shekara uku ta hanyar soke dogon hutun bazara. Darussan da sa'o'in aiki ba sa raguwa, hutun ne kawai ke tafiya. Jami'ar San Faransisko ta koma wannan tsari a 2018. Jami'ar Creighton da ke jihar Nebraska kuwa ta buɗe hanyar karatu daga nesa ta intanet a 2001, amma ɗalibanta sukan je harabar makaranta don aikin ɗakin gwaje-gwaje, kuma sanin makamar aiki ido da ido ake yinsa.

## Darussan share fage

Jerin darussan ya bambanta daga makaranta zuwa makaranta, amma akwai waɗanda kusan kowa ke nema:

- Kemistiri na gama-gari, zango biyu, tare da aikin ɗakin gwaje-gwaje.
- Kemistirin sinadarai masu ɗauke da kabon, zango biyu, tare da aikin ɗakin gwaje-gwaje.
- Bayoloji na gama-gari da ilimin ƙananan halittu masu jawo cuta.
- Ilimin sassan jikin ɗan'adam da yadda suke aiki.
- Lissafin kalkulos da ilimin ƙididdiga.
- Rubutun Ingilishi da darasin magana a gaban jama'a.
- Darasi ɗaya ko biyu a fannin tattalin arziki, halayyar ɗan'adam ko zamantakewa.

Wasu makarantu suna ƙara fiziks, kemistirin jikin halittu, ilimin gadon halitta ko ilimin garkuwar jiki. Kowane darasi yana da dalilinsa. Wanda bai fahimci kemistirin kabon ba zai sha wuya wajen gane abin da ya sa ɗan sauyi a ginin sinadari ke mayar da magani guba. Kalkulos shi ne harsashin lissafin yadda magani ke raguwa a cikin jini sa'a bayan sa'a. Da ƙididdiga ake karanta sakamakon gwajin magunguna, a bambance amfani na gaskiya da abin da ya faru bisa katari.

A Amurka ana auna matsakaicin maki a kan ma'aunin 4.0. Makarantu da dama suna sa mafi ƙarancin maki tsakanin 2.5 da 3.0, kuma galibi ba sa karɓar darasin share fage da aka ci da ƙasa da C. Kai wa mafi ƙaranci ba ya tabbatar da gurbi. Masu tantancewa sukan ware makin darussan kimiyya su duba shi daban, su kuma lura ko makin ɗalibi hawa yake yi ko sauka. Wasu makarantu ba sa karɓar darussan kimiyya da suka daɗe, sai mai nema ya maimaita su.

## Neman gurbi

Yawancin makarantu suna karɓar takardu ta dandalin intanet na bai-ɗaya mai suna PharmCAS, wanda AACP ke gudanarwa. Mai nema yana cike fom ɗaya, ya zaɓi makarantun da yake so, ya biya kuɗi gwargwadon yawansu. Dandalin yana karɓar takardun sakamako kai tsaye daga kowace makarantar gaba da sakandare da mai nema ya taɓa halarta, ya sake lissafa matsakaicin makinsa da ma'auni guda. Ɓoye wata makaranta da aka taɓa yi laifi ne da zai iya jawo soke gurbi.

Sauran abubuwan da ake nema sun haɗa da rubutaccen bayani kan dalilin zaɓen sana'ar, da wasiƙun shaida biyu ko uku, galibi daga malamin kimiyya da kuma mai harhaɗa magunguna da ya ga aikin mai nema. Ba kowace makaranta ce ta wajabta gogewar aiki ba, amma wanda ya taɓa aiki a matsayin mataimaki a kantin magani ko asibiti yakan fi samun abin faɗa a wurin ganawa.

Shekaru da dama akwai jarrabawar shiga mai suna PCAT, wadda ke gwada bayoloji, kemistiri, lissafi, fahimtar karatu da rubutu. Makarantu sun riƙa janye ta ɗaya bayan ɗaya, har aka daina yin ta baki ɗaya a watan Janairun 2024.

Ganawa da mai nema sharaɗi ne a ƙa'idojin ACPE, ko ido da ido ko ta na'ura. Wasu makarantu suna amfani da tsarin gajerun ganawa a jere, inda mai nema zai bi ta tashoshi da dama, a kowace a ba shi matsala ya warware cikin 'yan mintuna: majiyyacin da ya fusata, abokin aiki da ya yi kuskure, ko takardar likita da ake shakkar sahihancinta. Abin da ake aunawa shi ne iya magana, natsuwa da riƙon amana. Makarantu da yawa suna ba da gurabe a kai a kai tun kafin ranar rufe karɓar takardu, don haka wanda ya jinkirta yakan tarar da gurabe sun yi ƙaranci.

Bayan an ba da gurbi akwai sharuɗɗan da suka shafi shiga asibiti. Ana binciken ko ɗalibi ya taɓa aikata laifi, ana yi masa gwajin ƙwayoyi masu sa maye, kuma sai ya kawo shaidar rigakafin cututtuka irin su ƙyanda, ƙarambau da ciwon hanta nau'in B, tare da gwajin tarin fuka. Zai kuma yi rajista da hukumar magunguna ta jiharsa a matsayin mai koyon aiki, a lokacin da dokar jihar ta tanada.

## Tsarin karatu

Ana kiran shekarun karatun P1, P2, P3 da P4. Makarantu da yawa suna buɗe shekarar farko da bikin sanya farar riga, inda sababbin ɗalibai ke ɗaukar alkawarin kiyaye mutuncin sana'a.

Shekara ukun farko galibi na aji da ɗakin gwaje-gwaje ne. Ana koyar da yadda magani ke aiki a jiki, da yadda jiki ke tsotse shi, ya rarraba shi, ya sarrafa shi, ya fitar da shi. Ana koyar da yadda ake mayar da sinadari ƙwaya, ruwa, allura ko man shafawa, da lissafin adadin magani, da dokokin magunguna, da tsarin inshorar lafiya. Darasi mafi girma shi ne na zaɓen magani ga kowace cuta, wanda ake bi sashe sashe: zuciya, ƙoda, ciwon suga, cututtuka masu yaɗuwa, kansa, taɓin hankali. A nan ɗalibi zai koyi, alal misali, rage adadin maganin vancomycin ga wanda ƙodarsa ta yi rauni, ko gano maganin da zai ƙara ƙarfin warfarin har majiyyaci ya yi zubar jini. Ana kuma horar da shi yin allurar rigakafi, domin tun 2009 dukkan jihohin Amurka 50 suka ba masu harhaɗa magunguna wannan izini.

Sanin makamar aiki kashi biyu ne. Bisa ƙa'idojin ACPE na 2016, kashi na farko aƙalla sa'o'i 300 ne da ake yi a tsakanin shekarun aji, a kantin magani na unguwa da kuma asibiti. Kashi na biyu shi ne ya cinye shekarar ƙarshe: aƙalla sa'o'i 1,440, wato mako 36, ana zagayawa daga wuri zuwa wuri a ƙarƙashin kulawar ƙwararre. Wurare huɗu wajibi ne: kantin magani na unguwa, sashen magunguna na asibiti, ɗakin kwanciyar majiyyata, da asibitin sha-ka-tafi. Sauran ɗalibi ne ke zaɓa, kamar sashen yara, kamfanin magunguna ko hukumar gwamnati. Ba a biyan ɗalibi albashi a wannan aiki, kuma yana ci gaba da biyan kuɗin makaranta.

Kowace makaranta tana da ƙa'idar ci gaba. Wanda makinsa ya faɗi ƙasa da abin da aka yanka ana yi masa gargaɗi, ko a sa shi ya maimaita darasi ko shekara, ko a sallame shi. Da yake darussan a jere suke, kowane yana kan na bayansa, faɗuwa a darasi ɗaya takan iya jinkirta ɗalibi shekara guda cur.

## Tantance makarantu

Hukumomin jihohi ba sa barin wanda ya yi karatu a Amurka ya zauna jarrabawar lasisi sai makarantarsa tana da amincewar ACPE. Sabuwar makaranta tana bin matakai uku: matakin share fage kafin ta fara koyarwa, matakin wucin gadi bayan ɗalibai sun shiga, da cikakkiyar amincewa bayan ta yaye rukunin farko. Waɗanda suka kammala a makarantar da ke matakin wucin gadi suna da damar neman lasisi kamar kowa.

Abin da ya faru a jihar Hawai ya nuna hatsarin yin sakaci da wannan batu. A 2004 aka buɗe wata kwalejin harhaɗa magunguna mai zaman kanta a garin Kapolei, ta ɗauki ɗalibai sama da 200 ba tare da ta samu ko matakin farko na amincewa ba. A 2005 aka rufe ta, ɗaliban suka tashi ba digiri, ba hanyar lasisi. ACPE tana wallafa matsayin kowace makaranta a shafinta na intanet, har da waɗanda aka yi wa gargaɗi.

## Lasisi

Kowace jiha ce ke ba da nata lasisi, amma ƙungiyar hukumomin magunguna ta ƙasa, NABP, wadda aka kafa a 1904, ita ce ke shirya jarrabawa. Ta farko ita ce NAPLEX, mai tambayoyi 225 da ake amsawa a kwamfuta cikin sa'a shida. Tun 2021 ba a bayyana maki, sai dai a ce mutum ya ci ko ya faɗi. Wanda ya faɗi sai ya jira kwana 45 kafin ya sake, kuma sau biyar aka ƙayyade masa.

Ta biyu ita ce jarrabawar doka, MPJE, mai tambayoyi 120, wadda ke gwada dokokin tarayya da na jihar da ake neman lasisinta. Kalifoniya tana da tata jarrabawar daban, jihar Idaho kuma ta daina neman jarrabawar doka. Jihohi da yawa suna neman sa'o'i 1,500 na koyon aiki, kuma galibi suna lissafa waɗanda aka yi a makaranta. Bayan samun lasisi sai an riƙa halartar kwasa-kwasan ƙarin ilimi kafin a sabunta shi.

## Bayan kammalawa

Wanda ke son aikin asibiti a ɓangaren kula da majiyyata yakan ƙara horon shekara ɗaya mai suna PGY1, wasu su ƙara ta biyu, PGY2, a fanni guda kamar kansa ko kulawar gaggawa. Ƙungiyar masu harhaɗa magunguna na asibitoci, ASHP, ita ce ke tantance wuraren horon, kuma ana raba gurabe ta tsarin kwamfuta da ke haɗa zaɓin masu nema da na asibitoci. Masu sha'awar kamfanonin magunguna suna da nasu horon na shekara ɗaya ko biyu. Hukumar BPS, wadda aka kafa a 1976, tana ba da shaidar ƙwarewa ta musamman bayan jarrabawa.

Duk da kalmar dakta da ke cikin sunansa, PharmD ya bambanta da PhD. PhD a kimiyyar magunguna digirin bincike ne da ake kammalawa da kundi, kuma ba ya ba mai shi izinin aiki a kantin magani ko asibiti. Wasu jami'o'i suna ba da damar haɗa PharmD da PhD, ko da digiri na biyu a harkokin kasuwanci ko lafiyar al'umma.

## Kuɗin karatu da yawan makarantu

Jami'o'in gwamnati suna cajin 'yan jiharsu ƙasa da abin da suke cajin baƙi, masu zaman kansu kuma sun fi tsada. Binciken da AACP ke yi wa masu kammalawa duk shekara ya nuna cewa a wajajen 2020 matsakaicin bashin waɗanda suka ci bashi ya haura dala 170,000. Ɗaliban ƙasashen waje ba sa samun rancen gwamnatin tarayya, kuma sai sun nuna shaidar kuɗi kafin a ba su bizar karatu.

A shekarar 2000 makarantun fannin kimanin 80 ne. Zuwa 2020 sun haura 140. A daidai wannan lokaci yawan masu nema ya fara raguwa, abin da ya sa samun gurbi ya yi sauƙi fiye da da, ya kuma jawo muhawara kan ingancin ɗauka. Saboda haka masu nema sukan duba yawan ɗaliban makaranta da ke cin NAPLEX a zaman farko, alƙaluman da ake wallafawa a bainar jama'a.

## Masu digiri daga ƙasashen waje

Wanda ya karanta harhaɗa magunguna a wata ƙasa, kamar Najeriya ko Gana, yana iya neman lasisin Amurka ba tare da ya sake PharmD ba. Zai nemi takardar shaida daga kwamitin FPGEC na NABP. Idan ya kammala daga ranar 1 ga Janairun 2003 zuwa yau, dole digirinsa ya kasance na aƙalla shekara biyar, kuma yana da rajistar aiki a ƙasar waje. Zai ci jarrabawar daidaita ilimi, FPGEE, da jarrabawar Ingilishi ta TOEFL, wadda ake nema har daga waɗanda suka yi dukkan karatunsu da Ingilishi. Bayan haka sai sa'o'in koyon aiki da jiha ta yanka, sannan NAPLEX da jarrabawar doka. Wasu jami'o'i, kamar Nova Southeastern da ke Florida, suna da gajeren tsarin PharmD ga irin waɗannan.

Sunan PharmD ya yaɗu zuwa wasu ƙasashe, amma da tsari daban. Indiya ta fara nata na shekara shida a 2008, Jami'ar Kwame Nkrumah da ke Kumasi ta fara a 2012. A Najeriya ma akwai jami'o'in da ke ba da PharmD na shekara shida, kuma Jami'ar Benin ce ta buɗe hanyar. A waɗannan ƙasashe daga sakandare ake shiga, don haka digirin farko ne. Mai riƙe da shi idan ya je Amurka ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya yi karatu a waje, kuma ta hanyar FPGEC zai bi.